Safar Ji ta Masaƙar Farin Wata

Ƙarfe bakwai na safe Uwar Saƙa ta farka. Da fari wani gunji ake ji can ƙasa, sannan hannuwanta dubu huɗu su fara motsi lokaci guda, kowanne yana jan zare daga rufin ɗakin yana miƙa wa na kusa da shi. Tsawonta ya kama daga ƙofar masallacin ma'aikata har bakin titin jirgi, tafiyar minti shida ga mai sauri. Auduga tana shiga ta gabas, atamfa da shadda da leshi su fito ta yamma a naɗe, an rina, an goge, an buga hatimi. Ba ta gajiya, ba ta kuskuren zare. A wuni ɗaya tana iya fitar da samfuri dubu goma, kuma babu biyu masu kama da juna.

Malam Haladu yana ƙarƙashinta da gwangwanin mai a hannu. Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan aiki a Masaƙar Farin Wata. Layi na shida ne nasa. Yana bi yana saurare, duk gaɓar da ya ji ta fara ƙara sai ya tsaya ya ɗiga mata mai. Akwai na'urar da za ta iya yin haka, amma masaƙa ta lissafa ta ga Haladu ya fi sauƙi.

A shekarar 2088, masaƙu arba'in da ɗaya ne a Tudun Zare, garin da aka gina don saƙa kaɗai, kuma kowace tana da irin wannan inji. Matsalarsu ɗaya ce. Uwar Saƙa ta iya saƙa komai, amma ba ta san wanne daga cikin dubu goman nan mata za su so ba. An taɓa barin ƙwaƙwalwar injin ta zaɓa da kanta. Launi ya yi, zanen fure ya yi, amma mace a kasuwa sai ta kama gefen atamfar tsakanin babban yatsa da manuni, ta murza sau biyu, ta ce, "Ba shi da jiki," ta ajiye. Injiniyoyi sun auna nauyi, sun ƙirga zare, sun rage sitaci sun ƙara, ba su gano mene ne jiki ba. Ga shi yanzu wayoyi suna da allon taɓi, mace tana zaune a Agadas ko Kumasi za ta murza zanen a kan wayarta kafin ta saya. Zanen da bai yi ba, kafin azahar duniya ta sani.

Wannan ne ya sa kowace masaƙa take neman Jagoran Sabon Kaya ido rufe. Jagora ne ke faɗin irin zanen da za a fitar, da kaurinsa, da laushinsa, da sunan da za a ba shi, da watan da zai shiga kasuwa. Masu rini da masu zane da masu talla duk a ƙarƙashinsa suke. Karatu kaɗai bai isa ba, sai mutum yana da hannu. Tun da ba mai iya taɓa samfuri dubu goma a wuni, sai aka ƙirƙiro safar ji. Safar hannu ce mai allurai sirara kamar gashi, da ke shiga fatar yatsu su haɗu da jijiya. Inji yana turo jikin kowane zane cikin safar tun kafin a saƙa shi, huɗu a cikin daƙiƙa ɗaya, yana kuma karanta wanda hannun ya yi na'am da shi.

Ɗakin Jagora na gilashi ne, yana rataye daidai saman layi na shida. Wata huɗu ke nan babu kowa a ciki. Ɗakunan ajiya sun cika da zanen da ba mai so, kuma an liƙa sanarwa cewa idan ba a sami Jagora kafin kayan Sallah ba, za a kashe layi uku, har da na shida.

Da aka tashi cin abinci, Nalado, abokin aikinsa na layi na biyar, ya miƙe ya kakkaɓe masa benci da hularsa.

"A matsa, a matsa! Ga uban Jagora nan. Ranka ya daɗe, a kawo ruwan sanyi ne ko lemo?"

"Nalado, yunwa ce ta taɓa maka kai?"

"Wallahi an sami Jagora. Masaƙu bakwai ke zawarcinta, mu muka yi dace. Injiniya Mansur da kansa ya je. Sahura Haladu. Ko akwai wani Haladun da ya haifi Sahura ban sani ba?"

Haladu ya sunkuyar da kai kan kwanon shinkafarsa.

"Au, na manta," in ji Nalado yana duban sauran. "Ba a faɗin sunan a gabansa. Mutum yana hawan jirgin da ba direba, amma yana kunyar 'yar fari kamar kakan kakansa. To ta wajen Yaya ce, ka ji daɗi?"

Aka yi dariya, ana miƙo masa hannu. Wani tsoho mai shara ya riƙe hannun nasa da hannu biyu, ya ce Allah ya saka wa yarinyar nan, ta ceci gidaje ɗari huɗu.

Gaskiya Nalado ya faɗa. Mutanen birni da yawa sun bar wannan al'ada, amma Haladu a ƙauye ya tashi, kuma a gidansu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye Sahura aka kai ta riƙo wurin yayarsa Tabawa. Shekararta ashirin da shida yanzu, ta gama kwalejin saƙa, ta yi aure, amma bai taɓa furta sunanta ba. Idan zai ambace ta sai ya ce, "ta wajen Yaya." Hotonta na ranar gama makaranta yana cikin aljihun rigar aikinsa, ba wanda ya sani.

Ya kasa cin shinkafar. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Malama Hansatu, Jagorar da ta bar ɗakin gilashin wata huɗu da suka wuce. Wata rana ta sauko duba wani shuɗi da ke fita a layi na shida. Tana yi masa bayani, sai ta dafa bututun tururi da tafin hannunta, ta ci gaba da magana. Bututun nan ko da tsumma Haladu ba ya taɓa shi. Sai da ƙauri ya tashi ya yi ihu, "Malama, hannunki!" Ta ɗaga hannun ta duba shi kamar na wani ne. Fatar ta saluɓe, amma ko fuska ba ta yamutsa ba. Ya ɗaure mata da tsumma mai tsabta, ita kuma ta ce, "Malam Haladu, don Allah ka bar shi tsakaninmu." Bayan mako ɗaya aka sanar ta tafi hutun lafiya. Shekara biyu ta yi da safar.

Da ya koma gida bayan la'asar, ya sami matarsa Kuluwa tana tsince alayyahu, ya faɗa mata komai. Ta ajiye faranti.

"To sai ka kira ta ka faɗa mata, Malam."

"Ke dai ki faɗa mata. Ku mata kun fi sanin yadda ake yi."

"Ni? Ni da ko nono a ɓoye nake ba ta? Kai ka ga abin da idonka. Ni in na buɗe baki cewa za ta yi ina na ji."

"Ta yaya zan zaunar da ita, in dube ta ido cikin ido?"

"To yi mata saƙon murya. Ba sai ka dube ta ba."

Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ya danna wayar ya yi sallama, sai ya tsaya, don bayan sallama suna ne ke biyowa. Ya goge. Ya sake dannawa ya fara da cewa, "Akwai wata mata a wurin aikinmu," sai ya ji muryarsa tana rawa, ya tuna ita za ta saurari wannan rawar. Ya goge. Sau biyar yana yi. Da aka kira magariba ya fito ya ce wa Kuluwa gobe zai je wurin Yaya. Ita ta rene ta, ita ce bakin da ya dace.

Yaya Tabawa dillaliya ce tun kafin a gina rabin masaƙun garin. Ya same ta a ɗakinta, zannuwa jere har rufi, tana murza gefen wani leshi tana taɓe baki. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta yi dariya.

"Haladu ke nan. Tun kana yaro haka kake. Akuya ta yi atishawa, kai ka ce annoba ta shigo gari."

"Yaya, da idona na gani."

"Ka ga mace ɗaya. Wa ya san ciwon da take fama da shi? Wataƙila suga ne. Kai ka san hannun yarinyar nan kuwa? Ni na yi shi. Tana 'yar shekara biyar nake ɗaure mata ido da ɗankwali, in miƙa mata zane, ta faɗa min masaƙar da ta yi shi da wankin da zai fara koɗewa. Yau manya sun zo da mota biyu sun durƙusa a tsakar gidan nan saboda ita, kai kuma ka zo min da labarin bututu."

"Shi ya sa nake tsoro. Hannun ne suke so."

"To da ƙafarta za su so?"

"Ki dai faɗa mata yadda na faɗa miki. Bututun, da ƙaurin, da yadda matar ta dubi hannunta. Kada ki rage komai. In ta ji ta ce za ta yi, shi ke nan."

"Zan faɗa mata. Sha kununka ya huce."

Yaya Tabawa ba muguwa ba ce. A ganinta, ba a kai wa yarinya mugun labari a makon da arziki ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Da Sahura ta zo washegari, abin da ta ce mata shi ne, "Babanki ya zo. Ya ce ki kula da hannunki, aikin nan yana busar da fata. Ki riƙa shafa man kaɗanya."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sahura ta zo gidan iyayenta. Haladu yana zaune a kan tabarma a inuwar katanga. Ta durƙusa nesa kaɗan, inda ta saba durƙusawa. Shi kuma ya juya gefe yana murɗa rediyo, yadda ya saba.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya."

"Gwaggo ta faɗa min saƙonka. Na gode."

Ya saci kallonta. Fuskarta fes, babu alamar wadda aka ba labarin fatar da ta saluɓe. Nan take ya gane Yaya ta rage. Kuluwa tana bakin madafa ta daina motsa tukunya.

"Ranar Litinin zan sa hannu," in ji Sahura. "Na zaɓi Farin Wata ne saboda nan kake. Sun ce in ba a samu ba za a kashe layinka." Ta ɗago kai ta dube shi. "In akwai wani abin da kake so in sani, Baba, ina ji."

Maganar tana nan a bakinsa, a shirye, ya maimaita ta a zuci tun daren Laraba. Abin da ya rage kawai ya juyo ya dube ta. Wuyansa ya ƙi. Shekara ashirin da shida bai taɓa haɗa jimla uku a jere da ita ba, ya rasa ta inda ake farawa. Ya ji ta ambaci layinsa, kunya ta ƙara rufe shi, don yanzu duk abin da ya faɗa zai zama maganar uba da 'yarsa ta ɗauki nauyinsa. Ya ce a ransa zai koma wurin Yaya gobe ya matsa mata. Ya murɗa rediyon ya wuce tasha biyu.

"Allah ya yi albarka," ya ce.

"Amin, Baba."

Ya koma wurin Yaya washegari, ya tarar ta tafi biki Funtuwa, sai Talata. Ranar Litinin da safe fitilar ɗakin gilashi ta kama.

Zanen farko da Sahura ta fitar atamfa ce ruwan ƙasa mai ɗigon fari, ta sa mata suna Bayan Ruwa. Mata suka ce in ka ɗaura ta kamar an yi ruwan sama an ɗauke. Cikin kwana tara ta ƙare a kasuwa. Da Sallah, rabin matan Tudun Zare ita suka ɗaura, aka yi ankonta har Yamai. Ba a kashe layi ko ɗaya ba, aka ma ƙara biyu. Masaƙa ta ba Sahura gida a hawa na talatin, a unguwar manyan ma'aikata. Nalado ya daina zolaya, ya koma gaishe da Haladu da hannu biyu, abin da ya fi zolayar ciwo.

Kullum Haladu yana ƙasa da gwangwaninsa, ita tana sama. In ya ɗaga kai yana hango ta a kujera, ido a rufe, hannuwa biyu cikin safar, yatsunta suna ɗan motsi kamar mai jan carbi. Ya koyi duba ta ba tare da an lura ba. A wata na takwas ya ga ta fara yarfe hannu in ta cire safar. A wata na goma sha ɗaya kofin shayi ya suɓuce mata, ta tsaya tana kallonsa a ƙasa. Bayan nan ya lura in za ta ɗauki alƙalami sai ta dube shi tukuna, ta bi yatsunta da ido har su kama.

Ranar da ya ga haka ya ajiye gwangwani ya hau ofishin Injiniya Mansur, babban injiniyan masaƙar, da kayan aikinsa masu maiƙo. Injiniyan ya ba shi kujera, ya saurare shi da kyau. Mutum ne mai ladabi, ga furfura tun bai kai hamsin ba.

"Malam Haladu, ba zan yi maka ƙarya ba. Mun san safar tana gajiyar da jijiya. Likitocinmu suna cewa in an huta yana dawowa."

"Na Malama Hansatu ya dawo?"

Injiniya ya dubi tebur. "Ba mu da labarinta."

"To ku rage mata. Ku mayar da shi ɗaya a daƙiƙa, ko ta riƙa hutun kwana biyu."

"Shida muke turawa yanzu, ba huɗu ba. Masaƙar da ke tsallaken titi takwas take turawa. Masaƙu arba'in da ɗaya ne a garin nan, Jagorori goma sha uku. Duk wanda ya rage gudu, kafin wata uku ya rufe. Kuma abin da mata suke so bana ba shi za su so baɗi ba, don haka abin da inji ya koya daga hannunta bara ya riga ya tsufa. Kullum sai sabon hannu." Ya numfasa. "Ita ba ta kawo kuka ba. In ta ce a tsaya, za a tsaya. Ka yi mata magana mana, ai 'yarka ce."

Haladu ya sauko. A matakala ya yi kiciɓis da ita tana hawowa, ma'aikata uku na biye da ita da allunan aiki. Ta rusuna ta ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yauwa," ya raɓa ta gefe ya wuce. A lokacin tana da ciki wata huɗu.

Ta haifi 'ya mace, aka sa mata Ramlatu. Ta yi arba'in ta koma ɗakin gilashi. Zane uku da ta fitar bayan nan ba su yi kasuwa ba. Wata ashirin da uku da fara aikinta, aka liƙa sanarwa cewa Jagora ta tafi hutun lafiya, kuma masaƙa tana neman wani.

Likitan asibitin gari ya yi mata bayanin da na masaƙa bai yi ba. Ba yatsun ne suka lalace ba. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke karɓar duk abin da fata ta ji. An yi ta ɗura masa taɓi dubbai a wuni har ya rufe ƙofa, kuma in ya rufe ba ya zaɓen yatsu kaɗai. Na Sahura ya fara daga hannu, ya hau kafaɗa, ya bi baya da fuska. Tana tafiya, tana girki in ta sa ido sosai, tana dariya. Ba ta dai jin zafi, ba ta jin sanyi, ba ta sanin an dafa ta sai ta gani. Ba ta faɗa wa iyayenta iyakar inda abin ya kai ba. Su ma ba su tambaya ba.

Wata Asabar da hantsi ta zo gaishe su, Ramlatu a goye, tana wata tara. Mijinta yana can wurin aikinsa a gonakin lantarkin hasken rana na arewa, sai ƙarshen wata yake zuwa. Kuluwa ta tafi kasuwa. Haladu ne kaɗai a gida. Da jika babu kunya, don haka ya miƙa hannu yana fara'a.

"Kawo min amaryata. Yau ko kallona ba za ta yi ba? An sami wani saurayin ne?"

"Barci take tun asuba, Baba," in ji Sahura tana kwance goyon. "Yau ta ba ni hutu, ko kuka ba ta yi ba."

Ya karɓe ta, ya kusa sakin ta. Jikin yarinyar kamar an ciro dutse daga murhu. Leɓɓanta sun bushe, kanta ya langaɓe a kan hannunsa, idanun a rabin buɗe. Kowace uwa a bayanta take fara jin zazzaɓin ɗanta, tun kafin ta sauke shi. Sahura ta yi awa huɗu da wannan wuta a bayanta.

Ya juyo ya dube ta sosai, ido cikin ido.

"Tun yaushe jikinta ya yi zafi haka?"

"Zafi?" Ta kai hannu goshin yarinyar, ta kai kumatunta, ta manna fuskarta a kan cikin yarinyar, ta ɗago. "Baba, da zafi? Sosai?"

"Ɗauko mayafinki."

Suka kama jirgin da ke zuwa babban asibiti, tasha bakwai. Haladu ya jiƙa hularsa da ruwan gora yana shafa wa yarinyar a wuya. Tana numfashi sama-sama. Sahura tana gefensa, ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallonsu. Jirgin yana bi ta tsakanin masaƙu, kuma a bangon kowace akwai babban allo mai haske: ana neman Jagoran Sabon Kaya, gida da mota, ba sai da takardar kwaleji ba.

"Bara Gwaggo ta faɗa min," in ji Sahura, ba ta ɗago ba. "Abin da ka je ka gaya mata. Bututun da komai. Tana kuka ta faɗa min."

Haladu ya ci gaba da shafa hular.

"Ranar nan da na zo, na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Da ka faɗa min da bakinka."

"Da kin fasa?"

Ta juya tafin hannunta a cinya. "Ban sani ba, Baba. Amma da na san ka faɗa."

A tasha ta uku wani mutum ya shigo da 'yarsa, suka zauna a kujerar da ke fuskantarsu. Mutumin sa'an Haladu ne, da ganin takalminsa daga ƙauye suke. Yarinyar ba ta fi goma sha tara ba, ta yi kwalliyar fita unguwa, tana riƙe da takarda cikin leda. Gefen zanen Sahura ya zubo kusa da gwiwarta. Ba tare da ta sani ba budurwar ta kama shi ta murza sau biyu.

"Yi haƙuri, Anti," ta ce da ta ga an dube ta. "Na Farin Wata ne ko? Na bara. Na bana sun cika sitaci."

"Haka take," in ji uban yana murmushi. "Tun tana ƙarama. Kakarta masaƙiya ce. Gwaji aka kira ta yau, masaƙa uku ke nemanta."

Wannan ba 'yarsa ba ce, babu abin da ya riƙe wa Haladu wuya. Ya faɗa musu komai, da ƙarfi, har mutanen kujerun baya suka juyo. Ya faɗi bututun da ƙaurin. Ya faɗi kofin da ya faɗi, da shida a daƙiƙa, da abin da safar ta yi wa 'yarsa. Ya kama hannun mutumin ya ɗora a goshin Ramlatu, mutumin ya janye da sauri.

"Awa huɗu tana bayan uwarta," in ji Haladu. "Ga uwar nan, tambaye ta. Ita ce Jagorar da ta yi zanen da 'yarka ta taɓa. Shekara biyu kawai. Malam, don girman Allah ku sauka a tasha ta gaba ku koma gida."

Budurwar ta dubi hannuwan Sahura, ta dubi nata. Uban ya cire hula ya share zufa, ya mayar.

"Na ji, Malam. Na gode ƙwarai. Allah ya ba ta lafiya." Jirgin ya fara rage gudu. Sai mutumin ya matso kusa da Sahura, ya rage murya. "Baiwar Allah, kada ki ga rashin kunyata. Gidan da suka ba ki, da kika bar aikin, sun bar miki shi?"

"Sun bar min," in ji Sahura.

Mutumin ya gyaɗa kai a hankali, kafaɗunsa suka sauka. Ƙofa ta buɗe a tashar masaƙu. Ya miƙe, ya karɓi ledar takardar ya riƙe wa 'yarsa, suka fita. Haladu ya bi su da ido ta taga har suka shiga layin da ke bakin ƙofar gwaji. Layin ya kai kwanar titi, kusan duk 'yan mata ne, kowace da wanda ya rako ta.

Saura tasha uku. Ramlatu ta ɗan motsa, ta kama ɗan yatsan uwarta ta riƙe gam. Sahura tana kallon taga, ba ta sani ba.

"Ta riƙe ki," in ji Haladu.

Sahura ta sunkuyo ta duba.